Nonon Damaga da Allura ta Uku

Shekarar da firjin asibitinmu ya mutu, ina aikin rigakafin yara a wani ƙaramin asibiti ta wajen Maradun, gidana kuwa yana Talata Mafara. Aikin na yawo ne. Da safe in rungumi akwatin sanyi a bayan babur, littafin rajista a jaka, mu bi ƙauyukan da aka ba ni. Damaga na cikinsu. Ba a kama hanyarta haka kawai. Sai an tambayi waɗanda suka fito daga can, in sun ce lafiya a tafi, a kuma juyo kafin la'asar.

Firjin da hasken rana yake aiki. Ya tsaya ne a ƙarshen bazara, daidai lokacin da na ɗauki hutun kwana goma na tafi Bakura jinyar mahaifiyarmu. Kwana nawa ya yi a mace kafin a lura, har yau ban sani ba. Na dawo ranar da aka sa wa matan Damaga, na kuma makara. Na tarar abokin aikina ya riga ya shirya akwati, ya jera ƙanƙarar da ya sayo a gari. Ƙa'ida ita ce in buɗe in duba kowace kwalba kafin in fita. Ban duba ba. Mai babur yana ta danna ham, ni kuma dama haka nake tun ina yarinya, ba na iya jiran komai ya nuna.

A ƙofar gidan mai gari, ƙarƙashin wata tsamiya, na tarar da mata sun fi talatin, kowacce da goyo. Muka gaisa, gaisuwar da ba a gajarta ta: kwana, gajiya, gida, yara, zafi, hanya. Na baje kayana a kan tabarma na buɗe akwati. Allurar da na kawo ita ce wadda ke kare yaro daga cututtuka biyar, har da tarin shiƙa. Sau uku ake yin ta, a bar mako huɗu tsakani. A jikin kowace kwalba akwai wata 'yar alama, da'ira da ɗan tabo mai kusurwa huɗu a tsakiyarta. Muddin tabon ya fi da'irar haske, magani na da rai. In ya yi duhu ya saje da ita, zafi ya gama da shi. Na ɗauki kwalba ta farko, ya saje. Ta biyu haka. Na juya su ɗaya bayan ɗaya har ta ƙarshe.

Zan faɗi gaskiya, na ɗan jima riƙe da kwalbar nan ta ƙarshe. Ruwan cikinta bai sauya kama ba, kuma babu wadda ta san alamar a wurin sai ni. Da na yi allurar, da kowacce ta koma gida da kati a cike, hankalinta kwance. Na mayar da ita na rufe akwati, na miƙe na gaya musu maganin ya lalace, su yi haƙuri.

Babu wadda ta ɗaga murya. Suka fara gyara goyo. Sai wata dattijuwa ta matso kusa da ni. Na san ta, daga rugar bayan gari take, nono take sayarwa, kowa Inna yake ce mata. Ta zo da matar ɗanta da jaririyarsu 'yar mako bakwai.

"Malama, tun hantsi muke zaune nan," ta ce. "Yaushe za mu komo?"

Na ce mata mako mai zuwa. Ban san inda na samo mako mai zuwan ba. Bakina ne kawai ya faɗa don in samu in bar wurin.

Mako mai zuwa ya zo ya wuce, firji na nan a mace, sabbin kwalabe ba su iso ba. Na yi ta sintiri tsakanin asibitinmu da Maradun ina tambaya, har mai kula da ma'ajiyar magani ya fara gaishe ni tun daga nesa da cewa ba su zo ba tukuna. A gida ban iya zama. In share tsakar gida, in sake sharewa, in buɗe littafin rajista in bi sunayen yaran Damaga da yatsa kamar hakan zai rage wani abu. Maigidana, wanda malamin makarantar Islamiyya ne kuma mutum mai sanyin hali, ya ce mini abin da ya lalace ba ni na lalata shi ba. Na ce na sani. Sanin bai zaunar da ni ba.

Cikin mako na uku ƙanwata ta zo gida. Ita ce autarmu, malama ce a jami'a, aikinta a kan ƙananan halittun nan ne da ido ba ya gani sai da madubin ƙara girma. Ta sauka a Bakura wurin mahaifiyarmu da 'yar kula mai riƙe sanyi da tarin ƙananan kwalaben roba, ta ce nono ta zo nema. Mahaifiyarmu, wadda ta fara samun sauƙi, ta yi dariya ta ce ashe duk nonon birni bai ishe ta ba.

Da na je can, muna zaune a tsakar gida ina dama fura Auta ta yi mana bayani. Ta ce abin da ke mayar da madara nono wasu ƙwayoyi ne masu rai, muna shan su kullum ba su cutar da mu. Masu bincike sun koyi yadda za su ciro ɗan guntun umarni daga ƙwayar cutar tarin shiƙa, guntun da ke ƙera wani ɓangare na jikinta kawai ba tare da ya sa ciwo ba, su dasa shi a cikin ƙwayar nono. Sai ƙwayar nonon ta riƙa fitowa da wannan alama a jikinta. In aka ɗiga ta a baki ko a hanci, jiki ya ga alamar a daidai ƙofar da cutar ke shiga, ya san kamanninta, ya shirya mata. Ta ce a wasu wurare an gwada a kan ɓeraye, ba a kai ga mutane ba. Nata aikin shi ne ta nemo ƙwayoyin nonon ƙasarmu, waɗanda suka saba da zafinmu, ta ga ko akwai wadda za ta iya ɗaukar wannan kaya.

Na saki ludayi a cikin ƙwarya na ce, "To in ta saba da zafi, ba ruwanta da ƙanƙara ke nan?"

"Wataƙila, Yaya. In an busar da ita, wataƙila. Amma da sauran tafiya mai nisa."

Wataƙilar nan ba ta shiga kunnena ba. Abin da na gani kawai shi ne ni a bayan babur babu akwati, babu ƙanƙara, babu alamar da za ta yi duhu. Na ce mata gobe ma sai mu je Damaga, na san mai nonon da babu irin nata.

Kwana biyu bayan nan muka tafi, hanya ta ɗan sha iska bayan ruwan farko. Inna ta tarbe mu da kyau, ta shimfiɗa tabarma, ta fito da ƙwaryar kindirmo rufe da faifai. Auta ta tsuguna gabanta tana tambaya: yaushe take tatsa, ina take ajiye madara ta kwana, me take zubawa don ya kama. Inna ta ce ba ta zuba komai sai ɗan ragowar na jiya, haka ta gada wurin uwarta. Auta ta ɗebi kaɗan-kaɗan a kwalabenta tana rubutu a jikinsu.

Kafin mu gama mata sun taru, na ruga da na cikin gari. Suka tambayi Auta me za ta yi da shi, ta ce karatu ne, za ta duba abin da ke ciki. Sai suka juyo kaina. Ina allura? Mako ya wuce, wani ma ya wuce. Matar ɗan Inna tana tsaye da jaririyar a kafaɗa tana kallona. Na ji kunya ta rufe ni, ga ni na zo hannu wofi karo na biyu. Ina so in bar musu wani abu.

Na ce, "Ku ƙara haƙuri, tana nan tafe. Kuma kun ga nonon nan naku? Da shi za a yi maganin tarin shiƙa. Nan gaba ba allura, ba ƙanƙara, a baki za a ba yaro."

Wurin ya ɗauki murna. Wata ta ce dama ita ta san nono ba abin banza ba ne. Inna ta rufe ƙwaryarta a hankali, kamar ta ƙara nauyi. Na dubi Auta na ga fuskarta ta sauya, amma ba ta ƙaryata ni a gaban mutane ba, don ni ce babba.

Sai da muka sauka a Janbako muna jiran mota sannan Auta ta yi magana.

"Yaya, ba haka na gaya miki ba."

"Cewa na yi za a yi, ban ce an yi ba."

"Su ba za su tsaya raba 'za a yi' da 'an yi' ba. Sun ga na zo daga jami'a na ɗebi nononsu, sun ji ke da bakinki kin ce magani ne."

Raina ya ɓaci. Na ce mata ita a ɗaki mai sanyi take aiki, ba ta taɓa tsayawa gaban mata talatin da akwatin da babu komai a ciki ba. Har muka isa Talata Mafara babu wadda ta sake ce wa 'yar uwarta uffan, washegari ta koma makaranta.

An gyara firji, kwalabe suka iso, sai kuma damina ta zauna sosai. Rafin da ke kan hanyar Damaga ya cika ya hana babur ƙetarawa. Da ruwa ya ja, aka ce hanya ba lafiya, a dakata. Sai da aka yi kusan mako bakwai daga ranar tsamiya sannan na koma da akwati. A wannan karon sau biyu na duba kowace kwalba kafin in fita. Na aika tun kwana biyu kafin nan a yi shela.

Mata shida na tarar. Na jira har rana ta take, babu ƙari. Matar mai gari ce ta ja ni gefe ta gaya mini abin da ke faruwa. Magana ta zagaye gari da rugage cewa likitar jami'a ta tabbatar akwai maganin tarin shiƙa a cikin nono. Wasu sun ce za su jira na bakin, tunda an ce yana tafe, me zai sa a huda musu yara. Wasu kuma sun ce ba sai sun jira ba, ga nono nan a gida. Ta ƙara da cewa jikar Inna ma tana tari ya kai mako biyu, da nonon ake yi mata magani.

Na yi wa yaran shidan allura, na bar akwati a gidan mai gari na nufi ruga da ƙafa, laka na kama takalmina.

Tun kafin in shiga na ji yara biyu manya suna tari a bayan bukka. Jaririyar tana kan cinyar uwarta, ta rame, idanunta sun yi ja. Uwar ta ce da mura ya fara, ba zazzaɓi sosai, sai kuma tarin ya sauya. Tana cikin faɗa ya taso. Na sha ganin tarin shiƙa, amma ban taɓa sabawa da shi ba. Tari ne a jere babu tsayawa, babu wurin jan numfashi, har fuskar yarinyar ta yi duhu, leɓunanta suka sauya launi, harshenta waje. Sai ta yi tsit, ƙirjinta bai motsi. Na karɓe ta na kifa a hannuna ina shafa bayanta. Can ta ja iska da wani sauti siriri, ta amayar da abin da ke cikinta. Fari ne, mai tsami.

Kafin in ɗago, Inna ta matso da ƙaramin cokali da kindirmo a ciki. Na riƙe hannunta na ce kada ta ba ta, zai iya shaƙe ta, kuma yarinya 'yar wata uku ba abin da ya kamata ya shiga bakinta sai nonon uwarta.

Inna ta dube ni ta ce, "Ke kinka ce, Malama. Gaban mutane kinka ce."

Na ce na yi kuskure, kuma yanzu asibiti za mu tafi. Uban yarinyar yana wurin kiwo. Inna ta ce ɗanta ne, ita ta yanke, a tafi. Aka samo babur na biyu ya ɗauki uwar da jaririyar, ni a gaba ina waige duk 'yan taku. Sau biyu muka tsaya a hanya tarin ya taso. A Janbako muka sami mota, direban ya ga halin da ake ciki bai jira ta cika ba.

A asibitin Talata Mafara aka kwantar da ita, aka sa mata robar iska a hanci, aka fara ba ta magani. Likita ya ce maganin zai kashe ƙwayar cutar ya hana ta yaɗuwa, amma tarin kansa zai ɗauki makonni kafin ya bar ta, abin da ake tsoro shi ne ɗaukewar numfashi. Ya tambayi ko an taɓa yi mata rigakafi. Uwar ta dube ni. Ni na amsa na ce ba a yi ba, na kuma faɗi dalili.

Kwana tara suka yi. Da safe in biya asibiti, in wuce wurin aiki, in dawo da azahar da kwanon abinci, in koma gida, in sake fitowa. Ma'aikatan ɗakin har sun fara ce mini in je in huta, akwai masu aikin. A kwanakin nan na yi ta rarraba laifin a raina. Cutar ta kama yarinyar ne lokacin da babu allura a hannuna, wannan na firji ne da rafi da hanya. Amma mako biyun da ta yi tana tari a ruga ana ɗura mata kindirmo ba a kawo ta asibiti ba, da matan da suka ƙi fitowa, waɗannan nawa ne. Duk yadda na juya lissafin haka yake fitowa.

A rana ta uku na tsaya ƙarƙashin bishiyar dogon yaro a harabar asibiti na kira Auta. Na gaya mata komai. Na yi zaton za ta tuna mini maganar Janbako, ba ta yi ba. Ta tambayi numfashin yarinyar, ta tambayi sauran yaran rugar. Sai na ji kaina ina tambayarta da zafi, yaushe za su gama abin nan nasu.

"Ban sani ba, Yaya. Yana iya ɗaukar shekaru. Yana iya ƙin yi gaba ɗaya."

"To amfanin me, in ba ki sani ba?"

"Ba ni da wata hanyar sani sai in gwada. Kafin nan, allurarki ce kawai muke da ita."

Ta ce za ta zo ranar Alhamis, tunda da ita aka ɓata, da ita za a gyara.

Muka fara da mai gari. Na durƙusa na gaishe shi na ce, ranka ya daɗe, maganar da ke yawo daga bakina ta fito, kuma ba daidai ba ce. Ya saurara har na gama, ya aika aka kira liman. Liman ya ce zai faɗa wa maza bayan sallar Juma'a, amma mata sai dai mu da kanmu. Aka tara su a gidan mai gari. Na miƙe na maimaita abin da na faɗa, ban rage komai ba. Auta ta ce musu nono abinci ne mai kyau ga manya da yaran da aka yaye, amma babu maganin tarin shiƙa a cikinsa. Ƙwayar da ke ciki, in ji ta, kamar jaki ce da ba a ɗora wa kaya ba, su kuma har yanzu ba su san ko za ta yarda a ɗora mata ba. Wata ta tambaya ko dai wani abu muka zuba a nonon Inna ranar da muka zo, don mijinta ya hana sayen nonon rugar. Auta ta ce ɗiba ta yi, ba ta zuba komai ba, kuma a gabansu aka yi.

Sun saurara, amma na ga ba duka suka gamsu ba. Wanda ya faɗi magana jiya ya zo yau ya warware ta, ba a saurin yarda da shi. Abin da ya juya su Inna ce. Bayan an sallami jikarta, ta riƙa faɗa wa duk wadda ta tsaya sayen nono abin da ta gani da idonta a ruga da asibiti. Ba ta ƙara gishiri, ba ta kuma rufa mini asiri. Takan ce Malama ta yi saurin baki, amma ita ta ɗauki yarinyar ta kai asibiti. Zuwana na gaba tabarma uku ba su ishi masu jira ba. An kuma kai manyan yaran rugar aka ba su magani.

Jaririyar ta ci gaba da tari har kusan kaka, yana raguwa a hankali. Da ta yi ƙarfi na yi mata allura ta farko, don likita ya ce ko wanda ya yi ciwon ana yi masa. Bayan mako huɗu na yi ta biyu. A tsakanin nan Auta ta kira ta ce yawancin ƙwayoyin da ta ɗebo ba su jure gwajin zafi ba, kaɗan ne suka tsira, kuma ƙoƙarin farko na dasa musu guntun umarnin bai kama ba. Za su sake. Na ce Allah ya taimaka, na kuma bar maganar a cikina.

Ranar allura ta uku na isa Damaga ban ga uwar a layi ba. Da na sallami mutane na taka zuwa ruga. Babu kowa. Bukkoki a tsaye, turakun shanu a kafe, toka a murhu ta sha ruwa ta bushe. Matar mai gari ta ce sun tashi kwana goma da suka wuce, bayan ɓarayi sun kore shanun maƙwabtansu. Ba su faɗi inda za su ba, masu tashi irin wannan ba su faɗa.

Abokin aikina ya ce in rubuta sun ƙaura in rufe layin, haka ake yi, kuma ba laifi ba ne. Na ɗauki biro na ajiye. Biyu ba uku ba ce, kuma na san ƙirjin yarinyar nan.

Ranar kasuwar Janbako na bi layin masu nono ɗaya bayan ɗaya ina kwatanta Inna: doguwa, da tsagar goshi, ƙwaryarta da ɗinki a baki. Wasu suka ce ba su san ta ba, na ga kuma sun san ta, tsoron mai tambaya ne kawai. Wata ta ce ta ji sun yi wajen Maradun. Na je Maradun ranar da ba ta aikina ba, na zagaya inda baƙi ke sauka, ban same su ba. Ranar Talata na shiga kasuwar garinmu tun da safe na tsaya wurin masu fura har ƙafafuna suka yi tsami. Maigidana bai hana ni ba, ya dai ce in riƙa faɗa masa inda na nufa kafin in fita, ba bayan na dawo ba.

Mahaifiyarmu ce ta samo su, tana zaune a ɗakinta. Na je gaishe ta a Bakura na ba ta labari, ta ce in bar mata. Ta tambayi matar da ke kawo mata nono kullum, ita kuma ta ce akwai baƙi da suka sauka bayan gonakin shinkafa tun da aka fara yanka, shanunsu na cin tattaka, wato karan shinkafar da aka sussuke, cikinsu akwai wata tsohuwa mai jika da ta yi jinya a Mafara.

Bakura ba yankin aikina ba ne, ba ni da ikon ɗaukar kwalba daga firjinmu in kai can. Na je wurin mai rigakafin asibitin garin, wadda muka yi makaranta tare, na roƙe ta. Ta ce dama ba ta san da saukar mutanen ba, sai mu tafi tare. Washegari da hantsi muka bi kan gaɓar hanyar ruwan noman rani da ƙafa, ita da akwati, ni da laima, masu sussukar shinkafa na ɗago kai suna gaishe mu.

Inna ce ta fara hango ni. Ta ajiye abin da ke hannunta ta tsaya har na iso. Muka gaisa, ta tambayi gida, ta tambayi Auta, ta tambayi mutanen Damaga ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce, "Har nan kinka biyo mu, Malama?" Na ce saura ɗaya. Uwar ta shiga bukka ta fito da katin, a naɗe cikin leda, daga tsakanin ƙoren da aka jera. Bai jiƙe ba, bai yage ba.

Yarinyar ta yi ƙiba, har tana kama gyalena. Abokiyata ta miƙo mini kwalba, na duba alamar, na yi allurar a cinya. Ta tsala kuka, a ƙarshen kukan ta yi ɗan tari sau biyu. Mu duka muka tsaya cak muna kallonta. Sai ta juya ta kama nonon uwarta.

Ina cike katin sai Inna ta ce akwai wasu yaran a sauran bukkokin da ba a taɓa yi musu ba, ko akwatin zai ishe su. Ba ta jira amsa ba ta tafi kiran iyayensu. Muka zauna a inuwar wani gawo muna yi, abokiyata na rubuta sabbin katuna, har azahar ta wuce kwalabe suka ƙare, saura yara uku. Abokiyata ta sa musu ranar Litinin. Na ce zan zo, ta ce ba sai na zo ba, yankinta ne, in koma wa nawa. Muka kamo hanyar gari rana na dukanmu, na yi sallah a gidan mahaifiyarmu a gurguje, na fita neman motar Mafara.